Gizo-gizo mai farautar sauro: sunan da aka raɗa masa ya dace kuwa?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai hoton wani gizo-gizo mai jar fuska da ake ta turawa, wai yana shan jinin mutane. Na bi diddigi, ba haka maganar take ba. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa wajen milimita 5, yana zaune a gaɓar Tafkin Victoria, ɓangaren Kenya da Uganda. Ba ya cizon mutum. Sauro yake kamawa, kuma ba kowane sauro ba, macen da ta riga ta ƙoshi da jini ya fi so. Sunansa na kimiyya Evarcha culicivora. To ga inda nake da ja: an ce culicivora na nufin mai cin Culex, wani irin sauro, alhali masu binciken da bakinsu sun ce Anopheles ya fi ƙauna, wato mai kawo zazzaɓi. Ke nan sunan bai yi daidai ba. Me ya hana a gyara? Malam, Ɗaliba, kuna kusa?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Ni dai in da gaske yana cin sauro mai jini, a turo mana buhu goma asibitinmu. Damina ta kankama, gadajen yara sun cika.

Sarkin Gardama: Kafin a je ga gyara, a fara gaya mana wanda ya raɗa. Na san dai ba ɗan Kenya ba ne.

Ɗalibar Kimiyya: Wa alaikumus salam, Yaya Baban Ummi. Mutum biyu ne suka raɗa, a shekarar 2003: Wanda Wesołowska, 'yar ƙasar Poland, da Robert Jackson na Jami'ar Canterbury a New Zealand. Jackson ɗabi'ar gizo-gizo yake nazari, kuma a tashar bincike ta ICIPE, cibiyar nazarin ƙwari, da ke Mbita a Kenya, a bakin tafkin, aka yi akasarin aikin. Ita kuwa gwanar siffantawa ce da rarrabewa, ta bayyana sababbin nau'o'in gizo-gizo mai tsalle fiye da 500, mafi yawansu na Afirka. Bayanin ya fito a mujallar Annales Zoologici, shafi huɗu kacal.

Sunan kuma ba kuskure ba ne. A Latin culex sauro ne kawai, kowane iri. Dangin sauro baki ɗaya Culicidae ake kiransu, har da Anopheles a ciki. Linnaeus ma, masanin Sweden da ya kafa tsarin raɗa sunayen kimiyya, a 1758 duk sauron da ya sani a ƙarƙashin Culex ya zuba su, sai a 1818 wani masani Bajamushe, Meigen, ya ware Anopheles. Sannan gizon nan yana cin Culex ɗin ma. Tabbacin cewa ya fi karkata ga Anopheles ya zo ne a binciken 2006, shekara uku bayan an riga an raɗa suna.

Baban Ummi: To ai kin taimake ni, ƙanwata. Ilimi ya ƙaru bayan an raɗa, sai a gyara suna ya bi ilimin. Ni magani nake sayarwa. In takardar da ke cikin kwali ta faɗi abin da ba shi ba ne, janye ta ake yi a buga sabuwa. Yau duk ma'aikacin lafiyar da ya ji Culex, ba "sauro kawai" yake ji ba, wancan da ba ya ɗaukar zazzaɓin mutane yake ji.

Maman Sadiq: Wannan kam gaskiya ne, haka aka koya mana.

Malam Bayoloji: Salamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na tarar an yi nisa. Baban Ummi, bari in tsaya a kan kwalin naka. A jikin kwali akwai takardar bayani, akwai kuma lambar rajista. Takarda ana sake ta kullum in an gano sabon abu. Lamba kuwa ba a taɓa ta, don da ita ake gane cewa abin da aka yi magana a kansa bara shi ne dai na bana. Sunan kimiyya lamba ne, ba takarda ba.

Akwai kundin dokoki na duniya kan sunayen dabbobi, kuma sashe na 18 ya faɗa ƙarara cewa ba a soke suna don bai dace da mai shi ba. Babbar doka kuma ita ce wanda ya riga ya raɗa, nasa ne ke tsayawa. Ana fara lissafi daga 1 ga Janairu 1758, da bugu na goma na littafin Linnaeus. Abin sha'awa, gizo-gizo ne kaɗai suka riga kowa: wani ɗan Sweden, Carl Clerck, ya buga littafinsa kan gizo-gizon ƙasarsu a 1757, sai aka yi masa alfarma aka ɗauki sunayensa a matsayin halastattu, har suna gaba da na Linnaeus.

Kuma ba sai mun je Kenya neman misali ba. Sauron da ke cika wa Maman Sadiq gadaje sunansa Anopheles gambiae, an raɗa masa a 1902 da sunan Gambiya. Yana Kano, yana Kisumu, yana Kinshasa. Ba wanda ya ce a sake masa suna don ba a Gambiya kaɗai yake ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na ji, amma ban gama gamsuwa ba. Ina nan tafe.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga kowa. Ni rabin farko na sunan ne ya ɗaure mini kai. Evarcha ɗin nan, wato gidan da ke tattara nau'o'i 'yan'uwa, Eugène Simon ne ya kafa shi a 1902, Bafaranshen da ya siffanta gizo-gizo sama da 4,000 a rayuwarsa. Kuma nau'in da aka kafa gidan a kansa, Evarcha falcata, ɗan Turai ne, ɗaya daga cikin na Clerck ɗin da Malam ya ambata. Ta yaya gizon da ke cikin ciyayin Sweden da wanda ke bangon ɗaki a Mbita suka zama 'yan gida ɗaya? Da me ake aunawa? Launi?

Ɗalibar Kimiyya: Yauwa Yaya, nan ne ainihin rigimar take, ba a kan culicivora ba.

Launi ba ya kai mutum ko'ina. Jar fuskar nan da ake gani a hoto ta namiji ce baligi, macen toka-toka ce mai ruwan ƙasa, in ka gan su tare ba za ka ce jinsi ɗaya ba ne. An sha raɗa wa namiji suna daban, mace suna daban, sai bayan shekaru a gane miji da mata ne. Ga shi kuma da zarar an jefa su cikin sinadarin adanawa launin ya fara kodewa.

Abin da ake dubawa gaɓoɓin haihuwa ne. Namiji yana da wasu 'yan hannaye biyu a gefen baki, ƙarshensu a kumbure, da su yake ɗibar maniyyi ya kai wa mace. A jikin kumburin akwai ƙaya da ƙugiya da wani siririn bututu, kuma fasalinsu ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Mace kuma tana da ɗan faranti mai tauri a ƙarƙashin ciki. Sai a cire hannun hagu na namijin, a kwantar da shi cikin ɗan kwano mai sinadari a ƙarƙashin maikiroskof, a yi ta juya shi da bakin allura har ya tsaya yadda ake so, a zana shi ta ƙasa da ta gefe. Abu ne da bai kai ƙwayar gero ba, numfashi mai ƙarfi ma sai ya gusar da shi. Na mace kuma a yanko farantin a jiƙa shi har ya yi garau, a ga hanyoyin da ke ciki. Waɗannan zane-zanen su ne zuciyar shafi huɗun nan. Sannan a zaɓi gawa ɗaya a ce ita ce samfurin asali, a ajiye ta a gidan adana kayan tarihi. Sunan a jikin wannan gawar yake rataye. Duk wanda ya yi shakka, ko bayan shekara ɗari, sai ya je ya ɗauko kwalbar ya duba.

To culicivora ya shiga Evarcha ne don fasalin gaɓoɓinsa da ƙirar jikinsa sun yi kama da na 'yan gidan. Sai dai masana da yawa sun daɗe suna cewa gidan ya cika ya batse. Nau'o'i fiye da 80 ne a ciki, daga Turai da Asiya da Afirka har Amurka ta Arewa, kuma ba lallai ne duk kakansu ɗaya ba.

Sarkin Gardama: Wato su ma kame-kame suke yi.

Ɗalibar Kimiyya: Gardama suke yi, irin taka. A 2015 Wayne Maddison na Kanada ya fitar da tsarin dangin Salticidae gaba ɗaya, wato masu tsalle, ya dogara sosai kan DNA, wato ƙwayoyin gado. Ya sa Evarcha a reshe ɗaya da Plexippus da Hyllus. Shi kuma Jerzy Prószyński, dattijon masani ɗan Poland da ya shafe fiye da shekara 50 yana zanen gaɓoɓin nan, ya ce tsarin da mai aiki zai iya amfani da shi da ido da maikiroskof shi ne tsari. A 2018 ya farfasa Evarcha ya fitar da sababbin gidaje: Evacin, Evalba, Evaneg da Evawes. Na ƙarshen nan haɗin Evarcha ne da sunan Wesołowska. A 2019 gungun masana suka yi masa raddi mai zafi, suka ce kamannin zane kaɗai ba hujjar dangantaka ba ce. Kundin gizo-gizo na duniya da ake kula da shi a birnin Bern na Switzerland bai karɓi rabon ba, ya bar su duka a Evarcha.

Ni a ganina Prószyński ya ga matsala ta gaske, hanyar da ya bi ce ta yi gaggawa. Ranar da aka samu DNA na isassun nau'o'in Afirka, zan yi mamaki in gidan nan ya tsaya yadda yake.

Baban Ummi: Alhamdu lillahi! Ashe ana canzawa. Malam ya ce lamba ce ba a taɓawa, ga shi ana shirin taɓa rabinta.

Malam Bayoloji: Ka kama ni da rabi, ban musa ba. Amma ka lura da dalilin. Kalmar farko da'awa ce: muna cewa wannan ɗan'uwan wancan ne. In hujja ta rushe da'awar, dole ya tashi ya koma wani gida. Kalma ta biyu kuwa tana bin sa duk inda ya je, iyaka a daidaita ƙarshenta da nahawun Latin in ta kama. Ko an mai da shi wani gida gobe, mai cin sauron nan dai zai ci gaba da amsawa. Abin da kake nema shi ne a canza ta biyun don ba ta yi maka daɗin ji ba, wannan ne doka ta hana.

Akwai ma alamar da ke nuna an taɓa yi wa dabba ƙaura. In ka ga sunan wanda ya raɗa da shekara a cikin baka biyu, to ba a gidan da aka fara sa ta take ba. Evarcha culicivora Wesołowska & Jackson, 2003, babu baka. Amma Hasarius adansoni (Audouin, 1826) yana da su, don a gidan Attus aka fara ajiye shi. Na sha ganin ɗalibai suna goge bakan nan ko su ƙara, suna zaton ado ne.

Ɗan Damagaram: Adansoni? Ba Michel Adanson ba ne, wanda ya zauna Senegal wajen 1750 yana tara tsirrai? Shi ne fa aka sa wa kuka sunansa, Adansonia digitata.

Malam Bayoloji: Shi ne.

Maman Sadiq: Ikon Allah. Wato miyar da na kaɗa jiya sunan Bafaranshe gare ta.

Sarkin Gardama: Yauwa, kun zo inda nake jira. Kuka tana nan tun kafin a haifi kakan kakan Adanson, amma a littafin duniya sunansa take amsawa. Tafkin da ake magana ma, mutanen Luo suna ce masa Nam Lolwe, Baganda suna ce masa Nalubaale, sai wani Speke ya iso a 1858 ya ce daga yau sunan sarauniyarsu ne. Yanzu gizon da ke bangon ɗakin ɗan Luo, yana cin sauron da ya sha jinin ɗan Luo, sai an kira 'yar Poland da mutumin New Zealand su raɗa masa suna da harshen da ba mai magana da shi. Kuma ku tambayi Ɗaliba inda kwalaben nan na asali suke. Akasarin na Afirka suna Landan da Paris da Tervuren ta Beljiyam. Ɗan Afirka in zai duba gizon garinsu sai ya nemi biza. Dokar "wanda ya riga" ai ta wanda ya riga samun jirgin ruwa da injin ɗab'i ce.

Ɗalibar Kimiyya: Batun kwalabe gaskiya ka faɗa, kuma yana ci mana tuwo a ƙwarya. Amma a yi adalci a wannan gizon. ICIPE cibiya ce da ɗan Kenya ya kafa a 1970, Farfesa Thomas Odhiambo, shi ma ɗan Luo ne, tashar Mbita ma sunansa take ɗauke da shi. A takardar 2005 da ta nuna wa duniya cewa gizon yana zaɓen macen sauro mai jini, akwai sunan Godfrey Sune tare da Jackson da Ximena Nelson. Kuma sunan gizon ba na wani Bature ba ne, abincinsa aka faɗa.

Sannan doka ba ta ce sai Latin zalla ba. Haruffan ne dole su zama na boko, kalmar kuwa daga kowane harshe za ta iya fitowa. A watan Afrilun 2022 da kundin Bern ya cika nau'i 50,000, na cikon shi ma mai tsalle ne daga Kudancin Amurka, Guriurius minuano. Masanan Brazil ne suka raɗa, da sunan ƙabilar Minuano da ta taɓa zama a yankin. In kai ka samo sabo a Dutsen Kwatarkwashi ka siffanta shi yadda ya kamata, ba mai hana ka sa masa sunan Hausa.

Sarkin Gardama: Wannan na gaba ne. Na baya fa? Akwai ƙwaro a kogunan dutse na Slovenia da aka sa wa sunan Hitler a shekarun 1930, Anophthalmus hitleri. Har yau yana nan. A 2023 hukumar sunayen dabbobi ta ce ba za ta riƙa sauya suna don ya ɓata wa mutane rai ba. Amma masana tsirrai da suka taru a Madrid a 2024 sun kaɗa ƙuri'a, suka cire caffra daga sunayen tsirrai fiye da 200 suka mai da shi afra, saboda asalinta zagin baƙar fata ne a Afirka ta Kudu. Su sun iya, sama ba ta faɗo ba. Me ya hana na dabbobi?

Malam Bayoloji: A nan ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Na tsirrai sun yi dabara, haruffa biyu kacal suka cire, duk mai neman tsohon rubutu zai gane. Sunan zagi da na azzalumi irin wancan, in da ni ake shawara, a buɗe musu ƙofa 'yar ƙarama. Tsoron hukumar shi ne kusan kashi 20 cikin 100 na sunayen dabbobi sunayen mutane ne, in aka fara tone-tonen halin kowa ba ranar gamawa. Ina ganin tsoron yana da tushe, amma bai isa ya sa a ce ko ɗaya ba za a taɓa ba. Sai dai wannan daban, ƙorafin Baban Ummi daban. Culicivora bai zagi kowa ba.

Admin: A ci gaba, amma a bar siyasa a waje don Allah. Na goge saƙo biyu.

Na Kampala: Salam. Ina karatu a nan Uganda, bari in ƙara abin da ido ya gani, don sai ka san bakin tafkin nan za ka gane dalilin da ya sa abin ya ba masana mamaki. Akwai wasu ƙananan ƙudajen tafki da ke tasowa daga ruwa, daga nesa sai ka ce gobara ce ta tashi a tsakiyar tafki. In iska ta koro su gari, bango yakan yi baƙi, fitila ta dushe, mai shayi ya rufe kofuna, da safe a share su da tsintsiya tuli-tuli. Ba sa cizo, amma girmansu da fasalinsu kusan na sauro ne. Ni da idona ba na bambancewa sai na matsa. To a cikin wannan taron, inda sauro bai taka kara ya karya ba, ɗan gizon nan yake tsallake dubbai ya nufi macen sauro guda mai jan ciki. Abinci ya yi masa yawa har ya samu damar yanga.

Ɗalibar Kimiyya: Na gode Yaya, wannan ya fi bayanin takarda. Idanu takwas gare shi, manya biyun gaba su ne masu kaifin gani. Abin da yake ganewa da Anopheles tsayuwarta ce: in ta sauka takan ɗaga bayanta sama a karkace, Culex kuwa jikinsa a miƙe yake da bango. An gwada shi da sauron zane mai motsi a kwamfuta, aka canza tsayuwar kawai, sai zaɓinsa ya bi tsayuwar. 'Ya'yansa ƙanana, waɗanda sauron ya fi su girma, zagayawa suke yi ta baya su shiga ƙarƙashin cikin da ke ɗage su cafke daga ƙasa. Ga hanci kuma: a 2011 Fiona Cross da Jackson sun nuna yana bin warin safar da mutum ya sa. Wanda ya ci sauro mai jini ma ya fi farin jini wurin neman aure, mace ko namiji.

Maman Sadiq: Warin safa! To ɗakin samarin gidanmu ya isa gona. Amma da gaske nake tambaya, Malam. Mu 'yan Nijeriya da muke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, wannan faɗan na Evarcha ko Evawes me zai ƙara mana? Yaro yana jijjiga a hannuna, ina ruwana da baka biyu?

Malam Bayoloji: Hajiya, tambayarki ta fi ta kowa nauyi. Gizon kansa ba zai kawar da zazzaɓi ba, masu binciken ma ba su ce a saki buhu-buhu a gari ba. Gidan sauro da magani da rigakafi suna nan a matsayinsu. Amma aikin rarrabewar ya taɓa shafar ɗakinki kai tsaye.

Shekaru da dama ana zaton Anopheles gambiae abu ɗaya ne. Daga baya aka gano tarin nau'o'i ne masu kama ɗaya, ido ba ya raba su. Wani ya fi son jinin mutum ya kwana a bangon ɗaki. Wani, kamar arabiensis, yana cizon shanu ma, yana yawan hutawa a waje, ya fi jure busasshiyar ƙasa irin tamu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban gwaji a Garki, lokacin tana Jihar Kano, yanzu Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, zazzaɓi ya ragu amma yaɗuwarsa ba ta yanke ba. Cikin dalilan akwai sauron da ba ya zama a bangon da aka fesa. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi nazarin ƙwayoyin gadon sauron yankin nan, aikinsa ya taimaka aka gane cewa ko a cikin gambiae ɗin akwai rabe-rabe. A 2013 aka ware wani aka ba shi suna nasa, Anopheles coluzzii. In ba ki san da wa kike yaƙi ba, kuɗin feshi a bango zai ƙare.

Haka gizon nan. Kafin 2003 ɗan toka-toka ne cikin ɗaruruwan masu kama da shi. Sai da aka zana gaɓoɓinsa aka rataya masa suna, sannan wanda ya yi gwaji a 2005 da wanda ya yi a 2011 suka tabbata dabba ɗaya suke magana a kai.

Maman Sadiq: Garki ta nan kusa da Gumel? Allah ya saka, Malam, ban taɓa jin wannan ba.

Baban Ummi: To ni ga matsayina. Na janye neman a canza culicivora, tunda dangin sauro duka Culicidae ne. Amma ina nan a kan cewa masu raɗa suna su riƙa tunanin wanda zai karanta. Suna da zai rayu shekara ɗari biyu bai kamata a raɗa shi kafin a gama sanin dabbar ba.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, in aka jira a gama sani ba za a raɗa ko ɗaya ba. Masu tsalle kaɗai sun haura nau'i 6,000, su ne dangi mafi girma a gizo-gizo, kuma da yawansu ba a san komai game da su ba sai gawa ɗaya ko biyu a kwalba. Wasu namiji kawai aka sani, ba a taɓa ganin macen ba. Sunan ne ke buɗe ƙofar binciken.

Baban Ummi: Sai su raɗa wanda bai yi alkawarin komai ba.

Sarkin Gardama: Sai su sa sunan mutane ke nan, ka dawo da mu wurin Adanson. Hhh.

Ɗan Auta: Salam manya, ku yi haƙuri na shigo a makare. Akwai wani a bangon shagonmu, toka-toka, shimfiɗaɗɗe, ba ya saƙa. Na ga ya hango ƙuda, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi, ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan yana tsayawa, sai kawai ya daka tsalle. Ya kuskure, ya faɗo, amma bai kai ƙasa ba, wani zare ya riƙe shi ya hau ya koma. Da na kai yatsa kusa sai ya ɗago kai yana kallona. Shi ne na Kenyan?

Ɗalibar Kimiyya: Mai tsalle ne tabbas, zaren nan kafin ya tashi yake manna shi. Amma culicivora a yankin Tafkin Victoria aka san shi. Na bangon gidaje a ƙasashe masu zafi galibi Menemerus bivittatus ne, ko Plexippus paykulli, ko Hasarius ɗin da Malam ya ambata. Yadda ka ce shimfiɗaɗɗe ne mai toka-toka, na fi zaton na farkon. Ba ya cutar da mutum, kar ka kashe shi. Da hoto dai ba a yanke hukunci, sai an ga baligi a maikiroskof.

Ɗan Damagaram: To mu nan an taɓa bin namu an lissafa?

Ɗalibar Kimiyya: Wesołowska ta yi aiki kan na Nijeriya: ita da Russell-Smith sun fitar da na kudancin ƙasar a 2011, ita da Edwards kuma na yankin Kalaba a 2012, kuma duka biyun sun zo da sababbin nau'o'i. Ka ga duk kudu ne. Mai son ya taimaka daga Damagaram ko Katsina, abin da ake buƙata ba shi da tsada: 'yar kwalba mai murfi, etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, in don DNA ne 95 ko sama. A samu baligi, namiji ya fi sauƙin ganewa, za ka ga 'yan hannayensa a kumbure. A ɗauki hotonsa da rai kafin launi ya tafi. A rubuta wuri da kwanan wata da inda aka same shi, bango ne ko ciyawa ko jikin bishiya, da fensir a 'yar takarda, a jefa ta cikin kwalbar tare da shi. Ban da biro, tawadarsa narkewa take yi. Kwalbar da ba takarda ba ta da amfani ko da sabon nau'i ne a ciki. Daga nan sai a kai sashen nazarin dabbobi na jami'a mafi kusa.

Ɗan Auta: Aunty, sifirit ɗin kemis zai yi?

Ɗalibar Kimiyya: Zai riƙe shi na ɗan lokaci in babu wani, amma ka samu marar launi, shuɗin nan yana rina su. In ka kai jami'a sai su sauya masa.

Baban Ummi: Marar launin akwai shi a shagona. Ɗan Auta, ka biyo bayan La'asar da kwalbarka.